Ta Ce Ta Yafe Kwananta, Kai Kuma Ka Karɓa

Assalamu alaikum Gwaggo. Ina roƙon a sakaya sunana da na ƙauyenmu. Ni manomi ne a ƙasar Gumel, shekarata 45, matana biyu. Uwargidana shekararta 39, aurenmu shekara 21, 'ya'yanmu shida. Bara, bayan ta yaye autanta, ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, ba ya mata ciwo. Muka yi ta na gida, shafe-shafe da jiƙe-jiƙe, kusan wata takwas, har kan nonon ya fara shigewa ciki. Da muka je asibiti aka tura mu Kano, aka yanki tsoka aka auna, aka ce sankara ce. Na kai shanun huɗata biyu kasuwar Maigatari na sayar, na haɗa da kuɗin riɗi. An yi mata ƙarin ruwan nan da suke kira kemo sau huɗu, sannan aka cire nonon, yau mako bakwai. Likita ya ce saura kemo huɗu da gashin na'ura.

Tun da gashin kanta ya zube ta ce mini ta yafe wa amarya kwananta har ta samu sauƙi. Na ga kamar hutu take so, na ce to. Wata biyar ke nan ban kwana ɗakinta ba, sai dai in leƙa da safe in yi mata sannu. Yanzu in ta ji sallamata sai ta jawo hijabi. Ban taɓa ganin wurin aikin ba. Ranar komawa asibiti ta wuce da mako biyu, ta ce ba za ta koma ba, in bar kuɗina in yi wa yara hidima, ita in mayar da ita gidansu. Amarya tana goyo, ta ware mata kwano da moɗa don tsoron ɗauka. Ni ma ba zan ɓoye miki ba, ina tsoro. Ana ɗauka ta wurin kwanciya? In na kusance ta ba zan tayar da ciwon ba? Mahaifiyata ta ce in kai ta gida a yi jinyarta can. Wallahi Gwaggo ban ƙi matata ba. Yaya zan yi?

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne, kai kuma ya mayar maka da ninkin abin da ka kashe.

Manomin da ya kora shanun huɗarsa zuwa Maigatari saboda matarsa, ba sai ya rantse mini ba, na yarda bai ƙi ta ba. Na san yadda damina take ga wanda ba shi da shanu. Sai dai ita baiwar Allah ba ta je kasuwar ba. Abin da take gani shi ne ɗakinta, kuma wata biyar ke nan tana kwana a cikinsa ita kaɗai, tana jin sallamarka a ƙofar da ke kusa da tata, tana jin an sa sakata.

Bari in tambaye ka. In baƙo ya sauka gidanka daga doguwar tafiya, ka kawo masa fura ya ce alhamdu lillahi a ƙoshe yake, ɗauke ƙwaryar kake yi? Ai ka san kara ce. Sai ka ce haba, ko kurɓi ɗaya, ka tura masa ludayi. To matarka ma Bahaushiya ce. Ranar da ta tashi ta ga kitsonta a kan matashi, ta dubi madubi ta rasa macen da ka auro, sai ta riga ka. Ta faɗi abin da take tsoron ji daga bakinka, don in daga nata bakin ya fito ya fi sauƙin haɗiya. "Na yafe kwanana" tambaya ce ta yi maka, tana son ta ji ko har yanzu da sauran wurinta. Kai kuma ka ce to.

Ban ce da mugunta ka yi ba. Tausayi ne, da tsoro, kuma mu faɗi gaskiya, da ɗan sauƙin da ka ji a ranka cewa an ɗauke maka abin da ba ka san yadda za ka yi da shi ba. Maza da yawa haka suke. Amma tausayin da ya tsaya a bakin ƙofa, wanda ke cikin ɗaki ba ya iya bambance shi da ƙyama. Ga kishiya ta ware mata kwano, ga miji ya ɗauke ƙafa, ga suruka tana cewa a kai ta gida. In kai ne, me za ka fahimta?

Malaman fiƙihu sun daɗe da gama wannan magana, ka tambayi limamin garinku ka ji. Rabon kwana tsakanin mata an gina shi ne a kan ɗebe kewa, biyan buƙata wani abu ne daban. Shi ya sa mai haila tana da kwananta, mai jinin biƙi tana da nata, marar lafiya ma haka. Kuma a mazhabarmu ta Malikiyya, in mace ta ba kishiyarta kwananta, miji yana da ikon ya ce bai yarda ba, ita ma tana iya janye kyautarta duk ranar da ta ga dama. Sai dai ita kunya ba za ta bar ta ta ce ta janye ba, ko za a shekara. Kai ne za ka ce ka fasa karɓa.

Kada ka yi mamakin na fara da maganar ɗaki alhali ga ranar asibiti ta wuce. Maganar guda ce. Ka ga yadda kemo yake da idonka: amai, kasala, baki ya yi ɗaci ya fashe, abinci ya koma kamar ƙasa, ga jijjigar mota daga Gumel zuwa Kano da dawowa. Mutum ba ya jure irin wannan sai yana da abin da yake son ya warke ya koma wa. Ita ta duba ta ga an share wurinta tun tana da rai. Da ta ce ka bar kuɗinka, cewa take yi ba ta kai a kashe mata su ba.

Kuma tsoron nata yana da tushe. A 2010 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun wallafa binciken da suka yi a kan matan aure 81 da aka cire wa nono a nan arewa maso yamma. Wata shida bayan aikin, kusan biyu cikin uku sun ce ba sa jin kansu cikakkun mata, kusan takwas cikin goma kuma sun ce kwanciyar aure ta ja baya. Bayan shekara uku, kashi 38 cikin ɗari aurensu ya mutu ko sun rabu da mazajen. Matarka ba ta karanta wannan ba, amma ta san labarin, don da wuya ka sami mace a ƙauye da ba ta ji an yi wa wata haka ba. Wannan tsoron ne yake sa wasu su ɓoye ƙullutu har ya fashe. A ganinsu gara su mutu da nono biyu a ɗakin miji da su rayu da ɗaya a gidan iyaye.

Akwai kuma wani babban bincike da aka wallafa a Amurka a 2013, wanda ya duba bayanan masu sankara iri-iri sama da 700,000. Ya ga masu aure sun fi zuwa asibiti kafin ciwon ya bazu, sun fi karɓar cikakken magani, sun kuma fi daɗewa a raye. Igiyar aure ba ta kashe sankara, kada wani ya ji ni ba daidai ba. Abin da ke ciki shi ne akwai mai tuna ranar komawa, mai tashin mutum da asuba ya raka shi tasha, mai cewa ƙara loma ɗaya, mai taɓa goshi ya ce yau jikin nan da zafi. Na yi shekaru ina aikin jinya kafin in ajiye, kuma a ɗakin mata tun ranar sallama mukan iya cankar wadda za mu sake gani. Ba lalle mai kuɗi ba. Wadda mijinta ya tsaya ya tambayi yadda ake wanke ciwon, ya sa katin a aljihunsa, ita ce. Ina tuna wani dattijo makiyayi da bai yi boko ba, kullum sai ya sa an lissafa masa ranar komawa da kwanakin kasuwa, ya ce "wato kasuwa uku ke nan". Matarsa ba ta taɓa saɓa rana ba.

Komawa Kano dole ne, kuma ba da jimawa ba. Aikin da aka yi ya cire abin da ido da wuƙa suka iya kaiwa. Kemon da ya rage da gashin na'urar su ne za su bi 'yan ƙwayoyin da ba a gani, waɗanda ƙila sun maƙale a wurin ko sun sulale wani sashe na jiki. Kai manomi ne, ka san abin da ke faruwa da gonar da aka yi wa firi aka ƙi yi mata maimai. Mako biyu jinkiri ne, amma likita zai duba ya ɗora daga inda ya ga ya dace. Wata biyu ko uku kuwa wata magana ce. Kada kunyar saɓa rana ta hana ku zuwa, ba ku ne na farko ba.

Kai ta gida kuwa, a'a. A ƙauye in aka kai mace gidansu jinya ba ranar dawowa, kowa ya san sunan abin ko ba a rubuta takarda ba, ita ma ta sani. In uwa take marmari, ɗauko uwar ko wata 'yar'uwarta ta zo ta zauna da ita. In an gama magani tana son ta je ta huta, ka kai ta da kanka, ka yanke rana, ka je ka ɗauko ta da kanka. Mahaifiyarka ba sharri take nufi ba, abin da ta taso ta ga ana yi ta faɗa. Ka same ta cikin ladabi ka tuna mata cewa wannan yarinya ta yi shekara 21 tana yi mata hidima, kuma kai ba za ka iya haɗa ido da 'ya'yanka ba in ka fitar da uwarsu a wannan hali.

Tambayarka ta ɗauka amsarta gajera ce: ba a ɗauka. Ba ta kwanciya, ba ta kwano, ba ta moɗa, ba ta gumi ko numfashi. Sankara ba baƙuwar ƙwayar cuta ba ce irin ta tarin fuka ko ciwon sanyi da ke tsallakawa daga jiki zuwa jiki. Ƙwayoyin halittar jikin mutum ne da kansu suke rikicewa su yi ta hayayyafa ba tsari. Da ana ɗauka, da ba a bar ma'aikaciyar jinya ko ɗaya a ɗakin masu sankara ba. Gashin da za a yi mata ma ba ya bin ta gida, in ta sauko daga kan na'urar za ta iya rungumar jariri. In kuma ka ji an fara raɗe-raɗin jifa ne ko sammu, ka kashe maganar tun tana ƙarama, don ka san wa za a nuna da baki. Sankarar mama ita ce ta fi kama mata a Najeriya, ƙiyasin 2022 ya nuna mata sama da 30,000 ne ake samu da ita a shekara. Duk kishiyoyi ne suka jefe su?

Yanzu yadda za ka koma. Kada ka aika, kada ka nemi izini ta bakin yara. Bayan isha'i ka yi sallama ka shiga ka zauna. Ba sai ka tsara dogon jawabi ba, ka ce mata ka yi kuskure da ka karɓi kwanan nan, ka zo ka karɓi abinka. Kada ka sa ran za ta yi murna. Za ta iya cewa ba ta so, za ta iya yin kuka, za ta iya amayar maka da maganganun da ta tara wata biyar, kuma wasunsu za su yi zafi. Ka ji su, bashi ne kake biya. In ta juya maka baya, ka shimfiɗa tabarma a ƙasa ka kwana. Ranar kwananta ta gaba ka sake dawowa. Na farkon za ta ce tausayi ne ko wani ya sa ka, sai a na uku ko na huɗu za ta fara yarda.

Wurin aikin kada ka ce sai ka gani, ita za ta zaɓi rana. Amma bari in gaya maka abin da za ka tarar, don ranar ba ƙirjinta za ta kalla ba, fuskarka za ta kalla. Layi ne guda a kwance daga wajen tsakiyar ƙirji zuwa hammata, wurin ya shafe, wani lokaci har ana ganin shacin haƙarƙari. Tabon yakan yi duhu ko tauri kafin a hankali ya lafa. An yanke wasu jijiyoyin ji, saboda haka wani wurin ya mutu ba ta jin taɓi, har zuwa cikin dantse, wani wurin kuma ko riga ce ta goga sai ta ji kamar an tsira mata allura. Wasu matan har ji suke kamar nonon yana nan yana musu ƙaiƙayi. Duk ba alamar ciwon ya dawo ba ne. In ta nuna maka, kada ka kau da kai, kada ka yi salati da ƙarfi, kuma kada ka ce "ai ba komai". Da komai mana. Da shi ta shayar da 'ya'ya shida. Ka tambaye ta ina ne yake ciwo, ina ne za ka iya taɓawa, ka sa hannu ka yi mata addu'a. Gashin kan da ya fara tsirowa yanzu ma zai iya sake zuba in an koma kemo, ka shirya mata zuciya, yana dawowa bayan an gama.

Ga wani aiki da zai ba ka dalilin shiga ɗakin ko da rana. In an cire nono yawanci akan haɗa da kaluluwar hammata, shi ya sa kafaɗar takan ƙage, hannun kuma yana iya kumbura ko bayan watanni. Akwai motsa hannun da ake koya musu a asibiti: ta fuskanci bango, ta ɗora yatsu, ta yi ta hawa da su a hankali har inda ta ji ya ja. Yawancin mata suna dawowa gida suke dainawa. Kai ka tsaya kusa da ita da ɗan gawayi, ka ja layi a inda ta kai, bayan kwana biyu ku ga ko an wuce shi. Hannun nan na hagu a kiyaye shi daga ƙuna a murhu, da yanka, da tsagar wanzami, da matsattsen awarwaro. Daka da jan guga da ɗaukar tulu su jira sai likita ya ce, sannan a koma musu da kaɗan-kaɗan.

To, mu zo ga abin da ka tambaya a gajarce don nauyinsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Kusantar iyali ba ta tayar da sankara, ba ta yaɗa ta a jiki, ba ta dawo da ita. In ɗinki ya warke, kuma mako bakwai yawanci ya isa, babu hani sai in likita ya ga wani dalili na daban. Abin da zai tsaya muku shi ne yadda magani yake juya jikin mace. Kemo yakan tsayar da al'ada. Wata takan dawo bayan an gama, wata kuma, musamman ga wadda ta doshi arba'in, ta tafi ke nan. Da tsayawarta sai jiki ya shiga halin matan da suka manyanta: zafi ya taso mata haka kawai, gumi da dare, sha'awa ta yi sanyi, gaba ya bushe har kusanta ta koma azaba. In ta janye jiki kada ka ɗauka kai ta ƙi, kuma ka gaya mata kada ta ɗauka ita ce ta lalace.

A nan ne 'yan'uwa mata za su fara kawo ɗauki da kayan mata, tsumi da matsi da sauransu. Ka hana, musamman duk abin da ake cusawa. Fatar wurin ta yi rauni tana saurin tsagewa, garkuwar jiki ta yi ƙasa, ɗan ƙaramin rauni sai ya zama babban ciwo. Wanda ake sha ɗin ma ba wanda ya san abin da ke cikinsa balle yadda zai yi da maganin asibiti. Akwai man santsi da aka yi da ruwa, ana sayar da shi a manyan kantunan magani, in kun je Kano ka roƙi ma'aikaciyar jinya ta rubuta maka sunansa. Basilin da man gyaɗa ba sa haɗuwa da kwaroron roba, suna fasa shi.

Na san kwaroron roba ba abin da magidanci irinka ya saba da shi ba ne, amma za ku buƙace shi. Bayan kowane ƙarin ruwa ragowar maganin yakan yi 'yan kwanaki yana fita ta ruwan jiki, shi ya sa likitoci ke cewa a sa shi a kwanakin farko, wasu su ce uku, wasu su ce har mako. Babban dalilin ma ciki ne. Tsayawar al'ada ba ta hana mace ɗauka, kuma kemo yana illata ɗan tayi, musamman a watanni ukun farko. Haka ƙwayar tamoksifen, wadda ake ba mace ta sha kullum shekara biyar zuwa goma in gwajin tsoka ya nuna sankararta irin mai ƙaruwa da sinadarin jikin mace ce, ba a ɗaukar ciki a kanta. Kuma kada ta je asibitin sha-ka-tafi ta karɓi allurar tazarar haihuwa ko ƙwaya ko ashanar dantse, duk suna ɗauke da sinadarin da ba a son mai sankarar mama ta ƙara wa jikinta. Akwai robar mahaifa mai jan ƙarfe wadda babu shi a ciki, ku tambayi likitanta. 'Ya'ya shida Allah ya raya su, yanzu uwarsu ake nema.

Ka riƙe wannan kuma da kyau: daga kwana bakwai zuwa sha huɗu bayan kemo, lokacin ne ƙwayoyin jini masu yaƙi da cuta suka fi yin ƙasa. In ta yi zazzaɓi a wannan tsakani, kada ka tsaya kemis sayen maganin maleriya. Asibiti za ku nufa ko tsakar dare ne, ka gaya musu tana kan kemo. Wanda yake kwana a ɗakin ne kaɗai zai ji jikin ya ɗau zafi da ƙarfe biyun dare.

Amma da za ka ji tawa, ka cire maganar shimfiɗa daga lissafinka na makonnin farko gaba ɗaya, ka bar ita ta nuna alama. Abin da ta fi ƙishirwa yanzu shi ne a taɓa ta ba don a auna ta ba, ba don a huda mata jijiya ba. Ka matsa mata ƙafa, ka shafa mata mai a baya, ka ba ta labarin gona da na kasuwa, ka nemi shawararta a kan auren 'yarku ko kuɗin taki kamar yadda ka saba. Mazanmu an koya musu ciyarwa da tufatarwa, amma ba a cika koya musu riƙe hannun mace haka kawai ba, sai ka koya da girmanka. In lokacin ya zo, in ta ce a kashe fitila a kashe, in tana son ta bar riga a jikinta ta bari, kada nauyi ya hau ƙirjin ko hannun hagu, in ta ce ya isa ya isa. Wanka ba matsala ba ne. Lokacin gashi ne kawai fatar takan yi duhu ta yi zafi, sai a zuba ruwa a shafa da hannu a hankali, ba soso, kuma kada a goge alamar da suka zana.

Amarya tsoro ne ya kama ta irin naka, ga ta da ɗanyen goyo. Dogon bayani ba zai yi mata abin da ganin ido zai yi ba. Ka sa a zuba maka tuwo a kwanon da aka ware, ka zauna a tsakar gida ka ci, ka sha ruwa a moɗar. Sannan ka keɓe da ita ka gode mata, don na tabbata wata biyar ɗin nan ita ce da tukunya da yaran gida duka, kuma godiya ta baki ba ta isa ba, ko turmin atamfa ne ka yi ƙoƙari in Allah ya hore. Ka gaya mata kwanakin da ta samu aro ne, mai su za ta karɓa. Za ta ɗan kumbura, mace ce. Ina zaton ma a nan wani ɓangaren matsalar yake: a al'adarmu girki da kwana tare suke tafiya, mai tukunya ita ce mai miji. Uwargida ta ga ba za ta iya tuƙa tuwo ba, sai ta ga ba ta da bakin riƙe kwana. To a raba su. 'Yan matanta ko amarya su yi girkin, kwanan yana nan na mai shi.

In abokai a majalisa suka fara yi maka ba'a cewa ka zama ɗan jinya, ka tuna musu Sayyidina Usmanu. Bai halarci yaƙin Badar ba saboda matarsa Nana Ruƙayya tana kwance ba lafiya. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce masa yana da ladan wanda ya halarta da kuma rabonsa na ganima. Kuma ka lura, Nana Ruƙayya ba ta tashi daga wannan ciwon ba, amma ladan bai ragu ba.

Na kawo wannan ne don akwai abin da ba ka rubuta ba, kuma ina jin shi ne ya fi hana ka shiga ɗakin: kana tsoron ta mutu. Ba zan yi maka alkawarin abin da ke hannun Allah ba. Wata takwas ɗin da aka yi a gida sun ba ciwon dama, ka sani na sani, kuma zargin kai ba zai dawo da su ba. Amma likitoci ba sa jera wa mace aiki da kemo da gashi sai suna sa ran nasara, kuma na ga mata da suka bi hanyar nan suka zo suka aurar da 'ya'yansu. In ita ta kawo maganar mutuwa, kada ka toshe mata baki da "daina faɗar haka". Yawanci ba kanta take ji ba, autanta take tunani, da wanda zai riƙe shi. Ka ba ta amsa ta gaskiya. In kuma ka ga ta daina ci, ta daina barci, tana cewa gara ta tafi ta huta, ka gaya wa likita a fili, ciwon damuwa ne kuma yana da magani.

Kuɗi na san sun yi ƙasa. A manyan asibitoci akwai ofishin walwalar marasa lafiya, ka neme shi ka faɗi halin da kake ciki ba kunya. Gwamnatin tarayya tana da asusun tallafa wa marasa ƙarfi masu sankara, ta mama tana cikin waɗanda yake ɗauka, kuma asibitin Shika na Zariya yana cikin inda ake yi, ka tambaya ko za ta iya shiga. Cibiyoyin gashi ba su da yawa a ƙasar nan, ana iya tura ku wani gari, kuma kullum ake yin sa ban da Asabar da Lahadi, mako uku zuwa biyar. Tun yanzu ka fara tunanin masauki da wanda zai kula da gona.

Ka lissafa ka ga yau kwanan wa ya kamata ya zama. In nata ne, ka san inda za ka bayan isha'i. In na amarya ne, ka yi wa amarya magana yau, gobe ka shiga. Maganar Kano kada ka tayar da ita a daren farko, ka bari sai gari ya waye, kuma ka ce "jibi za mu", kada ka ce "za ki". In ta cije, ka kira mahaifiyarta ta sa baki. Ka haɗa katin da takardar gwajin tsoka da ta sallama a leda ɗaya, ku bi motar farko. In kun dawo ka rubuto mini abin da likita ya ce, da inda gawayin ya kai a bango.